Ƙurar Asbestos Da Dajin Tantanin Ciki: Wa Zai Biya Diyyar Ma'aikacin Bauchi?

Dokokin diyya da inshorar ma'aikata a Najeriya an tsara su ne bisa hatsarin da ido ke gani. Inji ya datse wa ma'aikaci yatsa, ko tsani ya zame da shi ya karye, ko motar ofis ta kife a hanyar Jos: rana sananniya ce, shaidu suna nan, ana buɗe fayil tun rauni bai warke ba. Amma akwai hatsarin da ba shi da rana, ba shi da ƙara, ba ya barin tabo a fata. Mutum ya shaƙi ƙura yana saurayi, ya yi aure, ya aurar da 'ya'ya, ya yi ritaya, sai bayan shekara 30 ko 40 cikinsa ya fara kumbura. Wannan shi ne aikin asbestos, kuma garin Bauchi yana sahun gaba cikin garuruwan Arewa da ya kamata a yi wa wannan lissafi tun masu haƙƙi ba su ƙare ba.

Dalili kuwa a bayyane yake. Bayan ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976, babban birninta ya samu masana'antun da jama'a suka yi alfahari da su, ciki har da kamfanin Steyr mai haɗa manyan motoci da taraktoci, da masana'antar Nigerian Asbestos Industries, wadda aka kafa da haɗin gwiwar wani kamfanin Indiya domin sarrafa kayan rufi na siminti da aka gauraya da asbestos. Ba Bauchi ce kaɗai ba. Akwai Nigerite a Ikeja, da Emenite a Enugu, da Eternit a Sapele, da Giwarite a Kano. A wancan zamani babu wanda ya ɗauki sana'ar a matsayin laifi, ci gaba ake kiranta. Kwanon asbestos ba ya tsatsa, ba ya cin wuta, ba ya cika ɗaki da ƙara idan ana ruwa, kuma ya fi kwanon ƙarfe sanyi a watannin bazara. Shi ya sa ya hau kan makarantu da asibitoci da barikoki da gidajen ma'aikata a faɗin ƙasar nan, silinsa kuma ya shiga ofisoshin gwamnati da ɗakunan masu hali.

Batun da ke gaban hukuma a yau ba na neman mai laifi ba ne. Batu ne na lissafin lokaci. Saurayin da ya fara aiki da wannan ƙura a 1980 yana ɗan shekara 22, a 2020 ya kai 62. Wato lokacin da kimiyya ta ce cutar kan bayyana ya zo daidai da lokacin da ma'aikaci ya bar aiki, inshorarsa ta yanke, takardunsa suka watse. Adalci ya wajabta a sauya yadda ake tantance irin wannan da'awa: idan gwajin nama ya tabbatar da cutar, kuma tarihin aikin mutum ya nuna ya yi mu'amala da asbestos, a biya shi, kada a ɗora wa mai jinya nauyin kawo takardun da hukuma da kamfanoni ne ya kamata su adana.

Cutar da ke ɓuya a bayan wasu

Asbestos ma'adini ne da ake haƙowa daga ƙasa, jikinsa zare-zare ne masu laushi. Idan aka yanka shi ko aka fasa ko aka huda, zaren yakan tarwatse ya zama ƙurar da ido ba ya gani. Jiki ba ya iya narkar da ita yadda ya kamata, sai wani ɓangarenta ya maƙale shekara da shekaru yana gurzar nama. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta sanya dukkan nau'o'in asbestos, har da farin da aka fi amfani da shi a kayan rufi, cikin rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa daji. A bitar da ta yi a 2009 ta jaddada alaƙarsa da dajin huhu, da na maƙoshi, da na ƙwan mace, da kuma wanda likitoci ke kira mesoteliyoma. Hukumar ta ƙiyasta cewa mutane fiye da 200,000 ke mutuwa kowace shekara a duniya sakamakon shaƙar asbestos a wurin aiki, kuma ƙasashe fiye da 50 sun haramta shi.

Mesoteliyoma daji ne na tantani, wato siririn mayafin nan da ya lulluɓe kayan ciki. An fi saninsa a tantanin huhu. Amma kimanin ɗaya zuwa biyu cikin kowane goma na masu cutar, a tantanin ciki take kama su, wanda ya shimfiɗu a bangon ciki ya naɗe hanji da hanta. Wannan nau'i shi ya fi wahalar da likita da mai tantance diyya, domin ba shi da alama tasa ta kansa. Ciki ya tara ruwa, mutum ya rame, abinci ya fita masa a rai, ciwon ciki ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Duk likitan da ya yi aiki a Arewa ya san abin da waɗannan alamomi ke fara kawowa a zuciya. Na farko ciwon hanta, saboda yawaitar ƙwayar cutar hanta nau'in B a wannan yanki. Na biyu tarin fuka na ciki. Idan mace ce, sai a ƙara da dajin ƙwai. Likitan da ya fara da waɗannan bai yi kuskure ba, domin su ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. Sai dai sau da yawa akan ɗora majinyaci kan maganin tarin fuka na wata shida a ga ko zai ji sauƙi, alhali dajin tantanin ciki, idan ba a yi masa magani ba, yakan kashe mutum cikin wata 6 zuwa 12. Kafin a gane ba tarin fuka ba ne, rabin kwanakin da suka rage sun tafi.

Hanya ɗaya ce ke tabbatar da cutar: a gutsuro ɗan nama daga tantanin, a kai ɗakin gwaji, ƙwararren likita ya duba shi da wasu sinadaran rini na musamman da ke bambanta mesoteliyoma da sauran nau'o'in daji. Hoton ciki ba ya wadatarwa, gwajin ruwan da aka zuƙo ma sau da yawa ba ya yanke hukunci. A nan al'adar wannan yanki ta ƙara wa batun nauyi. Musulmi sukan yi gaggawar suturta mamaci, kuma da wuya iyali su yarda a fede gawa domin bincike. Saboda haka shaidar da ba a ɗauka ba mutum yana raye, an binne ta tare da shi. Matarsa da marayunsa ba su da abin da za su kai gaban kowace hukuma.

Ƙofofi uku, kowace da sakata

Ma'aikacin tarayya yana da kariya iri uku a rubuce, kuma wannan cuta ta san yadda take ratsawa tsakaninsu.

Ta farko ita ce inshorar lafiya, wadda ma'aikatan tarayya suka fara cin moriyarta a 2005, kuma dokar 2022 ta mayar da ita ƙarƙashin Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wato NHIA. An ɗaure tsarin ne da albashi, don haka ga mafi yawan ma'aikata ritaya kan tsinke igiyar. Ƙa'idojin tsarin kuma tun asali sun cire raunin da aka samu a bakin aiki, gwargwadon abin da dokar diyya ta ɗauka, suka bar shi ga asusun diyya. Asusun tallafin masu ciwon daji da gwamnatin tarayya ta fara da asibitoci shida, ciki har da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ya fara ne da dajin mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza. Dajin tantanin ciki ba ya cikin ukun.

Ta biyu ita ce inshorar rai ta rukuni. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikacinsa inshorar da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Amma wannan haƙƙi na wanda ya rasu yana kan aiki ne. Wanda ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 na aiki ya ajiye, ya fita daga inuwarta.

Ta uku, wadda ita ce ainihin gidan wannan magana, ita ce Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda Asusun Inshorar Ma'aikata na Ƙasa, wato NSITF, ke aiwatarwa. Dole a yaba wa dokar. Ta ɗora wa mai ɗaukar aiki biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa cikin asusu guda, ta shafi gwamnati da kamfanoni, ta haɗa har da lebura na wucin gadi da ɗan koyo. Ba ta neman ma'aikaci ya tabbatar da sakacin ubangidansa. Ta amince da cutar da aka samo daga aiki ko da a wurare daban-daban mutum ya yi aikin, kuma jadawalinta na cututtukan sana'a ya ambaci asbestos. Ga matar da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyu ko fiye, dokar ta tanadi kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata.

Matsalar tana cikin matakan da ake bi. Dokar ta ce ma'aikaci ya sanar da ubangidansa cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto ga asusun cikin kwana 7. Wane ubangida tsohon lebura zai sanar, idan ɗan kwangilar da ya ɗauke shi aikin rufin makaranta a 1983 ya daɗe da rasuwa, ko kamfanin ya rufe, ko ya sauya suna da masu shi? Dokar ta ba da shekara ɗaya a shigar da buƙata daga ranar nakasa ko rasuwa, ana iya tsawaitawa zuwa uku idan akwai uzuri na musamman. Wa'adin ba daga ranar shaƙar ƙura yake farawa ba, kuma wannan daidai ne. Amma iyalin da aka gaya wa ciwon hanta ne ya kashe mahaifinsu ba za su taɓa tunanin akwai ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba, har wa'adin ya wuce. Sannan ga babbar tambaya: an shaƙi ƙurar a shekarun 1970 zuwa 1990, asusun kuma ya fara ne bayan 2010. Da wane albashi za a auna diyyar ɗan fansho, kuma daga kuɗin wa za a biya? Muddin asusun bai fito da amsa a rubuce ba, kowane jami'in tantancewa zai yanke hukunci da fahimtarsa, kuma mafi sauƙin hukunci ga jami'in da ke tsoron mai binciken kuɗi shi ne ya ce takardu ba su cika ba.

Ta haka majinyaci kan tsinci kansa a halin gaba kura baya sayaki. Idan ya ce daga aiki ya samo cutar, inshorar lafiya ta nuna masa hanyar asusun diyya. Idan ya je asusun diyya, a nemi shaidar aikin da ya bari tun zamanin mulkin soja.

Hujjar masu riƙe da asusu

Masu kula da kuɗin inshora suna da tasu hujja, kuma ba ta wasa ba ce. Alaƙar asbestos da dajin tantanin ciki ba ta kai ƙarfin alaƙarsa da na tantanin huhu ba. Akwai masu cutar da dama, musamman mata da matasa, waɗanda ba a samu tarihin asbestos a rayuwarsu ba, kuma bincike ya gano cewa wasu suna gadon wata tawaya a ƙwayar halitta mai suna BAP1 da ke sa su fi saurin kamuwa. Haka nan masana sun lura cewa nau'in ciki ya fi bayyana ga waɗanda suka shaƙi ƙura mai yawa na tsawon lokaci. Mai tantancewa yana da damar ya tambaya: ta yaya aka san wannan daga aiki ne?

Tarihi ma yana tsorata su. A 1982 kamfanin Johns-Manville na Amurka ya nemi kariyar kotu daga karyewa saboda yawan ƙararrakin asbestos. A farkon shekarun 1990 da'awar asbestos tana cikin abubuwan da suka kusa durƙusar da kasuwar inshora ta Lloyd's a Landan, wadda ta haura shekara 300 a duniya. Asusun da ke rayuwa da kashi 1 cikin 100 ba zai iya biyan duk wanda cikinsa ya kumbura ba.

Amsar wannan hujja tana cikin hujjar kanta. Ba a ce a biya kowane kumburin ciki ba, an ce a biya wanda gwajin nama ya tabbatar. Mesoteliyoma cuta ce da ba ta da yawa ko a ƙasashen da suka yi wanka da asbestos, nau'in ciki kuma ya fi ƙaranci. Abin da ya karya kamfanonin Amurka shi ne dubban ƙararraki da kuɗin lauyoyi da tarar kotu, irin abin da aka kafa asusun diyya domin a kauce masa. Game da shakka kuwa, masana sun daɗe da shata iyaka. A taron da suka yi a Helsinki a 1997, wanda aka sabunta matsayarsa a 2014, sun amince cewa tarihin mu'amala da asbestos a wurin aiki, ko da na ɗan lokaci ne, ya isa a danganta mesoteliyoma da aikin, matuƙar an samu aƙalla shekara 10 tsakanin fara shaƙa da bayyanar cutar. Shan taba ma ba hujja ba ce ta hana diyya a nan, domin taba ba ta haddasa mesoteliyoma. Idan dole ne a yi kuskure, kuskuren biyan mutum ɗaya da ya gaji cutar ya fi sauƙi a kan kuskuren korar tara da suka samo ta a bakin aiki.

Yadda wasu suka warware

Afirka ce ta tabbatar wa duniya alaƙar wannan cuta da asbestos. A 1960 likita J. C. Wagner da abokan aikinsa suka wallafa rahoton mutum 33 masu mesoteliyoma a Afirka ta Kudu, kusan dukkansu suna da alaƙa da yankin da ake haƙar shuɗin asbestos a arewacin lardin Kef. Wasu daga cikinsu ba su taɓa shiga rami ba, zama kusa da wurin ne kawai ya ja musu. Bayan doguwar shari'a, a 2003 aka kafa asusun amana na biyan tsofaffin ma'aikatan ma'adinan da mazauna kewaye, ƙasar kuma ta haramta asbestos a 2008.

A Birtaniya, kotun ƙoli ta wancan lokaci ta yanke hukunci a shari'ar Fairchild a 2002 cewa ma'aikacin da ya shaƙi ƙura a wurare da yawa ba sai ya nuna wane kamfani ne ya ba shi zaren da ya kashe shi ba, domin babu kimiyyar da za ta iya nuna haka. A 2014 majalisar ƙasar ta kafa tsarin biyan waɗanda suka kasa gano tsohon ubangidansu ko kamfanin inshorarsa, kuma daga harajin da aka ɗora wa kamfanonin inshora ake biya. Faransa ta fi kowa sauƙaƙawa. Asusun da ta kafa da dokar shekarar 2000 yana ɗaukar tabbatar mesoteliyoma, na huhu ne ko na ciki, a matsayin shaidar cewa mutum ya shaƙi asbestos, ba sai ya kawo wata takarda ba.

Waɗannan ƙasashe ba tausayi kaɗai ya kai su ga haka ba. Sun gane cewa cutar da ke jira shekara 40 sannan ta kashe cikin shekara ɗaya ba ta dace da tsarin kawo takarda ka dawo gobe ba.

Abin da ya kamata a yi, daga Abuja zuwa Bauchi

Mataki na farko na NSITF ne, kuma ba ya buƙatar sabuwar doka kafin a fara. Asusun ya fitar da ƙa'ida a rubuce cewa mesoteliyoma da gwajin nama ya tabbatar, tare da tarihin aiki da asbestos, ya isa a biya. A karɓi rantsuwar kotu da shaidar abokan aiki biyu, ko katin ƙungiyar ƙwadago, ko takardar fansho, a madadin wasiƙar ɗaukar aiki da gara ta cinye. A sanya wa irin wannan fayil wa'adin makonni, domin mai shi ba shi da shekaru. Inda dokar ta yi shiru game da waɗanda suka shaƙi ƙurar kafin 2010 da kuma 'yan fansho, aikin Ma'aikatar Ƙwadago da kwamitocin Majalisar Tarayya ne su cike giɓin, kuma mataimakan da ke rubuta wa ministoci da 'yan majalisa takardun bayani su ne za su iya sa batun a kan tebur.

Na biyu, NHIA da NSITF su yi yarjejeniya mai sauƙi: a yi wa majinyaci magani tukuna, hukumomin biyu su sasanta wanda zai biya daga baya. Kuɗin gwajin nama ya zama a wuyan asusun diyya ga duk tsohon ma'aikacin asbestos da ruwa ya taru a cikinsa ba tare da sanannen dalili ba. Wannan ya fi kowa amfanar asusun, domin gwajin ne ke raba da'awar gaskiya da wadda ba ita ba. Ga majinyaci kuwa, gano cutar da wuri yana da tasiri. A manyan cibiyoyin duniya ana yin tiyatar kankare dajin daga tantanin, sannan a wanke cikin da maganin daji mai ɗumi, kuma kusan rabin waɗanda suka dace da wannan aiki sukan kai shekara biyar a raye. Ko inda wannan tiyata ba ta samuwa, sanin sunan cutar yana hana a ɓata watanni da dukiya kan maganin da ba nata ba.

Na uku, a buɗe rajista a Bauchi. Ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wanda sashensa na duba masana'antu ke rajistar masana'antu bisa doka, ya haɗa kai da NSITF da gwamnatin jiha da ƙungiyoyin ƙwadago su tattara sunayen waɗanda suka yi aiki da asbestos: ma'aikatan masana'anta, da kafintocin da suka yanka kwanon da zarto, da ma'aikatan sashen ayyuka na ma'aikatu da makarantu, da masu gyaran bututun ruwa, da makanikan da suka shekara suna hure ƙurar birki da baki. A yi haka tun tsofaffin da za su shaidi juna suna raye, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Rajistar ba alkawarin kuɗi ba ce, ajiyar shaida ce. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa shi ya fi dacewa ya riƙe ɓangaren lafiya na wannan aiki, a ƙarfafa ɗakin gwajinsa, a kuma sa tambaya ɗaya cikin takardar karɓar duk majinyacin da ya zo da ruwa a ciki: wane aiki ka yi a ƙuruciyarka? Tambayar ba ta cin ko kwabo, amma ita ce mabuɗin fayil ɗin gaba ɗaya.

Na huɗu, kada a manta da matan gida. An tabbatar a ƙasashe da dama cewa matan da suka riƙa kakkaɓe kayan aikin mazajensu suna wankewa sun kamu da mesoteliyoma. Dokar 2010 ta ma'aikaci ce, ba ta san da mai wankin kayansa ba. Duk gyaran da za a yi wa dokar ya kamata ya buɗe mata ƙofa.

Rufin da ke bisa kan mai karatu

Ma'aikacin da ke zaune a ofis a Abuja zai iya ɗauka cewa wannan magana ta leburori ce. Ba haka ba ne. Tun bayan tsarin mayar da alawus kuɗi na 2003, gwamnatin tarayya ta sayar da ɗimbin gidajenta ga ma'aikata, kuma da yawa daga cikinsu gine-ginen shekarun 1970 da 1980 ne. Wanda ya sayi irin wannan gida, abin da ya fara yi shi ne gyara: a sauke tsohon silin, a ɓamɓare rufi, a share ƙura da tsintsiya, yara suna wasa a tsakar gida. Haka ake yi a ofisoshi da makarantu duk lokacin da aka ba da kwangilar kwaskwarima. A Bauchi kuma akwai ƙarin iskar farkon damina, irin guguwar watan Yunin 2018 da ta yaye rufin gidaje masu ɗimbin yawa a cikin garin. Duk inda tsohon kwanon asbestos ya farfashe a irin wannan hali, da hannu ake kwashe shi.

Wannan ba kira ba ne na firgita. Kwanon asbestos da ke zaune lafiya, bai fashe ba, bai ruɓe ba, hatsarinsa kaɗan ne, kuma barinsa a inda yake ya fi a farfasa shi cikin gaggawa. Hatsarin yana wajen yanka da hudawa da fasawa da sharar busasshiyar ƙura. Idan sauke shi ya zama dole, a jiƙa shi da ruwa, a kwance shi falle-falle ba tare da an karya ba, masu aiki su sa abin rufe hanci na ƙwarai, a fitar da iyali daga gidan, kada kuma a zuba tarkacen a cike ramin titin unguwa. Kowace ma'aikatar tarayya ya kamata ta san gine-ginenta da ke ɗauke da asbestos, ta rubuta, ta sa sharaɗin kariya cikin takardar kwangila. Jami'in da ya sa hannu kan kwangilar gyara ba tare da wannan sharaɗi ba, ya rubuta wa asusun diyya bashin da za a zo karɓa a 2060.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ma'aikatan da ke riƙe da fayilolin NSITF da NHIA da Ma'aikatar Ƙwadago sun fi kowa sanin inda tsarin yake zuba, kuma su ma wata rana 'yan fansho ne. Mutanen da suka rufa wa Bauchi makarantu da asibitoci sun cika nasu alkawari tun shekara 40 da suka wuce. Mafi yawansu, da yardar Allah, ba za su taɓa jin sunan wannan cuta ba. 'Yan kaɗan da za ta kama kuwa, abin da suke buƙata daga ƙasarsu bai taka kara ya karya ba: gwajin da zai faɗi sunan ciwonsu tun suna raye, da jami'in da zai karɓi wannan gwaji a matsayin shaida.